Ɓarawon ganyen kariyata

Yau da safe na fito ba wa fulawa ruwa sai na tarar an yi wa kariyata aski, reshe biyu babu ganye ko ɗaya, ga wani kashi baƙi ƙanana-ƙanana zube a bakin tukunyar. Na fi minti biyar ina ɗaga ganye kafin na ga mai laifin don kalarsu ɗaya sak. Tsutsa ce koriya shar, kaurinta ya kai yatsana, farin layi a gefe, ga ɗan ƙaho rawaya a gindi. Ina taɓa ta da tsinke ta dunƙule kai, wasu idanu shuɗaye guda biyu suka fito a wuyanta, wallahi sai da na ja baya. Ashe zane ne kawai na tsorata tsuntsu, to ni dai ya yi aiki a kaina.

Har na ɗauko takalmi ƙanwata ta ce "Yaya dan Allah bari mu ga ko mece ce", ta ɗauke ta hoto muka hau bincike a waya.

Wai 'yar wani ƙaton faɗa-wuta ce mai suna Daphnis nerii, wani masanin halittu Linnaeus ne ya raɗa wa jinsin suna tun 1758. Uwar in ta buɗe fiffike takan kai santimita 10, kore da ratsin ruwan hoda kamar kakin soja, kuma da magariba take fitowa ta tsaya cak a iska tana zuƙar ruwan fure da dogon bakinta. Tana ko'ina a Afirka da kudancin Asiya har Hawaii ma ta kai, da zafi kuma ta yi ƙaura zuwa Turai amma sanyin can ba ya barin 'ya'yanta su kai labari.

Abin da ya fi ɗaure min kai abincin tsutsar. Kariya, wata fulawa oliyanda, da fulawar nan finka ta Madagaska, duk masu guba ne, oliyanda ma ganye kaɗan kan kashe dabba, ita kuwa ci take ba ƙaƙƙautawa ko a jikinta. Ni da nake wanke hannu in farin ruwan kariya ya taɓa ni!

Ƙwai ɗai-ɗai uwar ke mannawa a ganye, shi ya sa ban lura ba, tsutsar kuma sai ta yi saɓa wajen sau huɗu kafin ta kai girman nan.

Da yamma muka ga ta biyu, ita ta riga ta rine ta koma ruwan ƙasa da lemo-lemo, tana ta sauri a ƙasa kamar wadda ta makara. Neman wurin kwanciya take, cikin busassun ganye za ta shige ta daskare, in da ɗumi sati biyu zuwa uku ta fito da fiffike. Na zuba mata ƙasa da ganye a wani tsohon kwali ta shige abinta. Koriyar kuma na bar mata reshe ɗaya, ɗaya tak, in ta tsallaka na gaba za mu ɓata.