Yadda kwayil da distiributa suka wana ni a Fijo 504

Motar ta mahaifinmu ce, Fijo 504 haɗin Kaduna, injin silinda huɗu mai kafireto, da ya rasu aka bar min ita tunda ni kaɗai ne bana ƙyamar baƙin mai. Da safe bugu ɗaya take tashi, amma da an yi tafiyar kamar minti arba'in sai ta fara shaƙewa tana fizga, can sai ta mutu murus. In ka jira ta huce ta tashi kamar ba ita ba. Ranar da abin ya ishe ni a hanyar Zariya zuwa Kano ne, dab da Kwanar Dangora, rana tsaka ga iyali a ciki yara na kuka.

Kowa ya leƙa sai ya ce mai ne baya zuwa. Na wanke kafireto sau biyu, na canza famfon mai, har tanki na sa aka sauke, duk a banza, kuɗi kawai na zubar. Wani dattijo mai wayarin a layinmu ne ya dube ni ya ce, ɗana ka taɓa duba wutarta lokacin da ta mutu? Na ce a'a Baba. Ya ce to kai da zafinta za ka kama ta, in ta huce ƙarya za ta yi maka.

Haka na yi. Da ta sake mutuwa na zare wayar tsakiya daga murfin distiributa, wato abin da ke raba wuta zuwa fulogogi, na riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin injin, tazarar kamar rabin santimita, ƙanina ya buga sitata. Maimakon wuta shuɗiya mai ƙara tas tas, sai wata ja-ja mai sanyi, wani lokacin ma babu. Na taɓa kwayil, wanda ke ƙara ƙarfin wutar batir kafin ta je distiributa, wallahi sai da na yarfe hannu. Na jiƙa tsumma na naɗe shi, bayan minti biyar mota ta tashi. Kwayil ɗin tsohon yayi mai ne a cikinsa, kuma ga man nan yana tsattsafowa ta wuyansa ban taɓa lura ba. Ni na kashe shi ma, don na saba murɗa makulli har fitilun dashbod su kama ina sauraren rediyo injin a kashe, in kwantak, ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa a cikin distiributa, na rufe wuta na ta bi ta cikin kwayil tana dafa shi.

Na sayo sabo da ɗokina, ban tambayi komai ba, na ga dai siffarsu ɗaya. Sati biyu mota ta koma gidan jiya, na buɗe distiributa na tarar bakin kwantak ya ƙone ya yi rami. Baba ya ɗora mita ya nuna min: sabon om (ma'aunin turjiyar wuta) ɗaya da rabi yake bayarwa tsakanin ƙananan ƙafafunsa biyu, irin wanda ake haɗawa da rasisto mai rage ƙarfin wuta ne, ita kuwa tawa mai wajen om uku take so tunda bolt 12 ke shigarsa kai tsaye. Ya kuma ce in daina juya wayoyin yadda na ga dama, a kwayil ɗin Faransa ƙafar da aka rubuta BAT ta makulli ce, RUP ta distiributa.

Mun sa kwayil ɗin da ya dace, muka canza kwantak da kondansa tare, don kondansa in ya mutu shi ke barin tartsatsi ya cinye kwantak, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Buɗin kwantak milimita 0.4 ne, Baba da kwalin sigari yake aunawa, ni dai na sayi fila geji, ma'aunin tazara, don idona bai kai nasa ba. Ka taɓa buɗin nan ka taɓa tayimin, wato lokacin da wuta ke isa fulogi, sai an sake saitawa, wannan ma sai da mota ta yi ta ƙwanƙwasa a hawa na gane. A shafa ɗan giris kaɗan a kan ƙullin da ke buɗe kwantak, kaɗan fa.

Da damina ta shigo sai ga sabon salo, in an kwana ana ruwa ba ta tashi da safe. Wannan karon ban je wajen kowa ba. Wuta daga kwayil lafiya lau shuɗiya, amma a fulogi babu, kenan matsalar na tsakani. Na cire murfin na haska da tocila, ga wani siririn layi baƙi kamar an ja da fensir daga tsakiya zuwa gefe, tsagewa ce wuta ke bi ta gudu in akwai laima. Na canza murfi da rota, ɗan abin da ke juyawa a ƙarƙashin murfin.

Sai na yi wautar ƙarshe, na zare wayoyin fulogi duka huɗu lokaci ɗaya. Na san jerin 1-3-4-2 ne, na jera, mota ta dinga harbi ta salansa kamar bindiga har maƙwabta suka fito. Ashe a 504 silinda ta ɗaya tana can baya wajen giyabos, ni kuwa daga lagireto na fara ƙirga. Baba ya zo yana dariya ya gyara cikin minti biyu, ya ƙi karɓar ko sisi, wai dariyar da ya sha ta biya shi. Yanzu akwai kondansa, kwantak da rota a cikin gwangwanin madara ƙarƙashin kujerata, wayoyin kuma na ɗaura wa kowacce zare mai launi daban.