Jodensavanne, garin Yahudawa a tsakiyar dajin Surinam

Wai mutane da yawa in ka ce musu akwai tsohon garin Yahudawa a cikin dajin Kudancin Amurka sai su ɗauka zolaya kake, amma fa da gaske ne, yana ƙasar Surinam bakin kogi, kamar kilomita 50 kudu da Faramaribo babban birninsu. A 2023 ma UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Asalinsu Yahudawan Fotugal da Sifaniya ne da aka matsa wa lamba kan addini, wasu suka gangara Burazil lokacin wani yankinta yana hannun Holan, da Fotugal ta ƙwace Resife, babban birnin yankin, a 1654 suka sake tattara nasu ya nasu, wasu suka bi ta Kayen, a Guyanar Faransa ta yanzu, har suka faɗo Surinam. Turawan Ingila ne ke riƙe da wajen a lokacin, a 1665 suka ba su damar yin addininsu da kotunsu har da dakarunsu, da Holan ta karɓi ƙasar a 1667 ita ma ba ta soke ba. A 1685 suka buɗe wurin ibadarsu na jan bulo, Beracha ve Shalom.

To abin da ya tsaya min a rai shi ne, mutanen nan da suka san ɗacin kora su ne kuma suka buɗe gonakin rake, bayi 'yan Afirka na yi musu aiki ba dare ba rana, in bawa ya gudu daji dakarun garin su bi sawunsa. Bayin da suka tsira ɗin suna cikin kakannin Saramaka, wata ƙabila ta baƙaƙen fata a Surinam, har yau yarensu cike yake da kalmomin Fotugal. Ka duba maƙabartu ma, na iyayen gida duwatsu ne da aka yo oda daga Turai an sassaƙa rubutun Ibrananci da Fotugal, na baƙaƙen da suka samu 'yanci kuwa katako ne aka kakkafa, ruwan sama da gara sun cinye da yawa.

Daga baya harkar sukari ta karye, mutane suka koma birni, gobarar 1832 ta ƙarasa sauran gidajen. A 1942 ma gwamnatin Holan ta mayar da wajen sansanin tsare waɗanda ake zargi da goyon bayan Nazi, daga Indonesiya aka kwaso su, su ne aka sa suka share dajin da ya rufe kaburburan.