Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yinin da Muka Yi a Yeji

A makon jiya na tsaya inda Kawu ya gama ɗaure huhunan goronsa a Kumasi ta ƙasar Gana, ya damƙa wa mai motar da zai kai su Kano, sannan ya ce ba za mu juya gida ba sai mun leƙa Salaga, a ƙasar Gwanja. Ƙanen kakansa ne ya bi ayarin Gwanja yana saurayi, ya yi aure a can, bai sake taka ƙauyenmu ba. Mu mutanen ƙasar Bebeji wannan ba baƙon labari ba ne, don ko Alhassan Dantata, ɗan Bebeji ne, kuma da goron Gwanja ya fara tara abin da ya tara.

Muka bi ta Ejura da Atebubu. Taya ta fashe mana a hanya, ko da muka iso Yeji, a bakin tafkin Bolta, da hantsi, babban jirgin fito mai ɗaukar motoci zuwa Makango ya riga ya tashi. Masu kwale-kwale suka yanyame mu, kowa na cewa nasa ya fi gudu. Kawu ya dubi ruwan, ya dubi kwale-kwalen da aka loda wa doya da tumaki da mutane har bakinsa na shan ruwa, ya ce, "Ni da ko a rafin garinmu ban iya iyo ba? Allah ya sawwaƙe." Jirgin yamma kuma ya ce ba zai shiga ba, baƙo ba ya sallama da dare a gidan da ba a san fuskarsa ba. Sai gobe.

Ya zaro 'yan sidi, kuɗin Gana, ya miƙo mini. "Je ka ga gari. Amma idan na ji ka sa ƙafa a ruwan nan, ni da kai ne."

"To, Kawu."

Ku da kuka tashi a ƙauye kun san abin da nake nufi idan na ce ban taɓa samun yini irin wannan ba. Da damina noma, da kaka girbi, da rani ban-ruwa ko kiwo. Ko ranar Sallah sai an yanko wa awaki ciyawa. Ga ni yau ba aike, ba fartanya, ga kuɗi a aljihu. Da farko ma rasa yadda zan yi da hannuwana na yi.

Na gangara bakin ruwa. Ni da nake taƙama na san dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, sai na ga ashe kududdufi nake yi wa kirari. Tafkin Bolta ya kai murabba'in kilomita 8,500, kuma shi ma ba haka Allah ya halicce shi ba, tare kogi aka yi. Abin da ya fi ɗaure mini kai busassun itatuwa ne tsaye cikin ruwa, baƙaƙe, ba ganye ba reshe, wasu kawunansu kawai ake gani.

Wani dattijo da ke ɗinkin koma a gindin mangwaro ya ji na yi sallama, ya ɗago ya amsa da Hausa. Ya tambayi garinmu, na ce ƙasar Kano. Ya matsa mini a tabarma.

"Baba, waɗancan itatuwan fa?"

"Daji ne, ɗana. Da Nkrumah ya tare ruwa a Akosombo, ba a sare su ba."

Aikin madatsar ya kammala a 1965, kuma mutum wajen 80,000 aka tayar daga gidajensu. Dattijon ya ce har tsohon garin Kete-Karaci, inda Malam Umaru, wani Bakanon malami, ya zauna har ya rasu a 1934, ruwa ya ci wani sashensa. Wato hanyar da kakanninmu suka bi da jakuna yanzu jirgi ne ke bi ta samanta. Ya ce itatuwan nan su ne gidan kifi, su ne kuma ajalin kwale-kwale, don wanda ke ɓoye a ƙarƙashi ba ya sallama.

Muna cikin hira wani jirgi ya iso. Yaron da ke kwarfe ruwa a ciki bai wuce ƙanena ba, jikinsa duk ya yi fari-fari don sanyi. Aka ce irinsu ake sa wa su nutsa su warware koma idan ta sarƙe a kututture. Mu ma muna tura yara kiwo tun ba su yi wayo ba, ban ce mun fi su ba, amma akuya ba ta riƙe ƙafar yaro a ƙarƙashin ruwa.

Yunwa ta kai ni wajen matan banda. Murhun laka ne mai faɗi, an jera faifayen waya a kai, ɗaya bisa ɗaya, kowanne shaƙe da karfasa da tarwaɗa da aka lanƙwasa. Matar takan sauke na ƙasa ta mayar sama, hayaƙi na dukan idonta ko ƙiftawa ba ta yi. Na sayi wake da shinkafa da suke dafawa da karan dafi har ta yi ja, aka zuba mini baƙin yaji mai mai, aka ɗora kifi guda. Yajin nan sai da ya sa ni hawaye, amma ban bar ko ƙwara ba.

Bayan azahar na miƙe a barandar masallacin zango, iskar ruwa na kaɗawa, ban farka ba sai da ladan ya taɓa ƙafata don la'asar. Kawu kuwa ashe bai huta ba, ya yini yana tambayar farashin bandar kifi, yana lissafin ko za ta kai Kano ba ta rududduge ba. Da dare aka ba mu masauki a wani zaure cikin zango, sauro ya karɓi rabonsa.

Da sassafe muka sha koko da ƙosai, muka bi layin jirgi. Kawu ya nemi tsakiya, tsakanin manyan motoci biyu inda ba zai ga ruwa ba, ya fito da carbi. A can Makango kuma wata rigima ce ke jiranmu da direban motar Salaga, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.