Kurakuran da Ba Na So Mai Koyon Biyolin Ya Maimaita

Ƙannena masu niyyar riƙe biyolin, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, a matsayin sana'a, kuskurena na farko shi ne ƙirga awoyi. Na ɗauka wanda ya yi awa shida yana goga ya fi wanda ya yi uku. Idan ka maimaita wuri sau hamsin yatsanka yana sauka gefe, abin da hannu zai haddace ke nan, kuma kankare shi ya fi koyon sa wuya. Wuyan biyolin ba shi da layukan ƙarfe irin na gita, saboda haka kaucewar milimita ɗaya ko biyu ta isa ta ɓata sauti, musamman can sama inda sautuka ke matsewa. Ka ware gaɓar da ke ba ka wahala, ko da sautuka takwas ne, ka sa metronom, wato na'urar da ke ƙirga bugun lokaci, a kan bugu 60 a minti, ka yi ta sau biyar a jere ba tuntuɓe, sannan ka ƙara huɗu. In ka kuskure, koma baya. Ka riƙa ɗaukar kiɗanka a waya kana saurare, domin kunnen da ke manne da katako yana yi wa mai shi ƙarya.

Garaje ma ya cuce ni. Kowane matashi na son kai hannu ga darussa 24 masu wuya na shahararren makaɗi Paganini, alhali bai gama da darussa 42 na makaɗi Kreutzer ba, waɗanda su ne ke gina hannun da ke riƙe baka, wato sandar goga tsirkiya, da sauyin matsayin hannun hagu a wuyan biyolin. Minti talatin na hawa da saukar sautuka bisa tsarin malamin biyolin Carl Flesch kowace safiya ba su da daɗi, amma su ne tuwon sana'ar. Kiɗe-kiɗe shida da mawallafin kiɗa Bach ya rubuta wa biyolin shi kaɗai a 1720 kuwa, a nan asiri ke tonuwa, don babu fiyano da zai rufa maka.

Na daɗe ina ɗaukar ciwo alamar ƙwazo. Abubuwa uku ke jawo shi: ɗaga kafaɗar hagu, danne kayan da muƙamuƙi, da matse wuyansa da babban yatsa. Nauyin kai kaɗai ya isa ya riƙe biyolin idan matashin haɓa da na kafaɗa sun dace da tsawon wuyanka, don haka ka gwada iri-iri kafin ka tsaya a kan ɗaya. Ka huta minti goma bayan kowane minti hamsin. Idan yatsu suka fara mutuwa ko tsintsiyar hannu ta ɗauki zafi, ajiye kayan ka ga likita. Kunnen hagu shi ya fi shan ƙara, kuma ji in ya tafi ba ya dawowa, sai ka nemi toshen kunne na makaɗa tun da wuri.

Kayan ma suna da haƙƙi. Ka goge ƙurar ƙaron da ake shafa wa izgar baka da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, ka sassauta izgar baka, in ba haka ba sandar za ta rasa lanƙwasarta. Kada ka taɓa kwance tsirkiyoyi huɗu lokaci guda. Jakin da ke ɗauke da su ba manne yake ba, haka ɗan ginshiƙin da ke cikin kayan, matsin tsirkiya ne kawai ke riƙe su, kuma in ginshiƙin ya faɗi sai mai gyara. Ka canza tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, kana duba ko jakin ya karkata gaba. Katako ya fi son danshin iska tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, bushewa na tsaga shi, zafin cikin mota na narkar da gam da fenti.

Game da neman aiki, na shirya kamar wanda zai tsaya shi kaɗai a gaban jama'a, alhali yawancin gurabe na cikin ƙungiyar makaɗa ne. A jarrabawar shiga, sau da yawa bayan labule ake yi, a nemi kashin farko na konsheto (kiɗan da makaɗi ɗaya ke ja, ƙungiya na mara masa baya) na huɗu ko na biyar na mawallafin kiɗa Mozart, da gutsattsarin kiɗan ƙungiya irin shafin farko na Don Juan na Richard Strauss. Mintuna kaɗan za a ba ka. Masu saurare sun fi kula da daidaiton sauti da na lokaci a kan burgewa. Ka koyi karanta kiɗan da ba ka taɓa gani ba, minti goma kullum, domin wanda ya iya wannan shi ake sake kira.

Koyarwa kuwa na raina ta, na ɗauke ta mafakar wanda dandali ya ƙi, ga shi ita ke riƙe yawancinmu. Fasaha ce daban. Abu na farko, girman kaya: akwai cikakke, da 3/4, 1/2, 1/4 har zuwa 1/16. Yaro ya ɗora biyolin a kafaɗa ya miƙa hannun hagu, in tafinsa bai naɗe murɗaɗɗen kan biyolin ba alhali gwiwar hannu na ɗan lanƙwashe, kayan sun yi masa girma, ko da iyaye sun ce zai girma ya same su. Darasin minti talatin ya ishi ƙaramin yaro, gyara ɗaya tak a kowane zama. Na kan jera gyara biyar, yaron ya koma gida bai riƙe ko ɗaya ba. Shinichi Suzuki na Japan ya yi gaskiya da ya sa iyaye su zauna a darasi, tunda su ne malamai sauran kwana shida na mako. Kuma kafin darasin farko ka rubuta sharuɗɗa a takarda: ranar biya, da awa nawa kafin lokaci za a sanar da kai in an fasa zuwa, ku sa hannu ku biyu.