Godiyata ga ma'aikatan ƙaramar hukumarmu

An zaɓe mu a watan Janairu na 2011 don mu yi shekara biyar, amma aka yi ta ƙara wa'adin majalisun ƙananan hukumomi har zuwa zaɓen 13 ga Disamba, 2020. Duk tsawon lokacin nan ina kan kujerar mataimakin magajin gari a wata ƙaramar hukuma ta karkara, kudu da birnin Maradi, dab da iyakar Najeriya. Tun da na sauka, jama'a ke zuwa gida suna yi mini sannu da aiki, ana lissafa rijiyoyi da azuzuwan lakwal. Na gode musu. Sai dai mafi yawan abin da ake yaba mana wasu ne suka yi wahalarsa, kuma ban ga wanda ya je gaishe su ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zan fara da Hajiya mai rajistar haihuwa, don a teburinta na fahimci abin da ake kira hukuma. Da na zo, hankalina na kan gine-gine, abin da ido zai gani a ce wane ne ya yi. Ita kuwa kullum maganarta ɗaya: "Alhaji, yaron da ba shi da takarda, a wajen gwamnati ba a haife shi ba." Iyaye da dama ba su neman takardar haihuwa sai ɗansu ya kai ga jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji, ko zai yi katin ɗan ƙasa, lokacin kuwa wa'adi ya wuce, sai an bi ta kotu. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa, amma doka ba ta shiga ƙauye da ƙafarta. Hajiya ce ta bi ungozomomi da masu gari da limamai har suka saba, ranar suna a tuna wa uban jariri da takarda. Duk sa'ad da alƙali zai fito ƙauyuka don yi wa waɗanda suka makara takarda, ita ke kwana tana jera sunaye da fitilar hannu. Yaran da ke karatu yau a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, wasu da rubutun hannunta suka shiga, kuma ba su san ta ba.

Sai masu yanka tikiti a kasuwa da masu bin lanho. Su ke shan zagin da ya kamata a yi mana. Da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, kasuwanninmu suka mutu murus. Wake da dabbobi ba su fita, kaya ba su shigowa daga Jibiya da Katsina, kuɗin shiga ya faɗi. Albashi ya yi ta makara wata da watanni, ga kuɗin da muke jira daga sama shiru. Ban taɓa zuwa na tarar da ofis a rufe ba. Wani dattijo cikinsu ya ce mini, "Ranka ya daɗe, in muka zauna gida ma, wa zai tara abin da za a biya mu?" Daga lokacin na tsaya kai da fata a majalisa cewa duk abin da ya shigo asusu, albashi ne farko, kuɗin zama na ƴan majalisa daga baya. Wasu abokan siyasa sun ji haushi, har yau ban canza ra'ayi ba.

Sakataren kwamitin filaye kuwa, Allah kaɗai zai biya shi. Tsakanin kaka da ranar da ake sakin gonaki, lokacin da makiyaya ke gangarowa kudu, kwana ɗaya na sakaci ya isa a zubar da jini. Yakan hau babur ya bi burtali tare da wakilan manoma da na Fulani, a ga inda gona ta ci hanya, a ƙiyasta ɓarna a gaban mai gari, a rubuta, kowa ya dangwala yatsa. A wajensa na koyi cewa ɗan siyasa bai kamata ya riga mai sanin aiki buɗe baki a wurin rikici ba, domin kowane ɓangare na kallonsa da idon ƙuri'a.

A daminar 2018, da amai da gudawa ya ɓulla a yankin Madarunfa, direbanmu ya koma mai jigilar marasa lafiya dare da rana. A 2019 kuma, da ƴan uwanmu na Zamfara da Sakkwato da Katsina suka kwararo suna gudun ƴan bindiga, ma'aikatan nan ne suka zauna ƙarƙashin bishiya suna rubuta sunayensu kafin ƙungiyoyin agaji su iso. Baba mai gadi ma ya sauke iyali guda a gidansa, ba wanda ya sa shi.

Ba duka ne muka sha inuwa ɗaya a siyasa ba. Na san waɗanda ba jam'iyyata suka zaɓa ba, kuma akwai lokacin da aka matsa mini a kawar da su a kawo namu. Na ƙi, kuma cikinsu ne na samu wanda ya fi kowa gaya mini gaskiya a kan kasafin kuɗi, ko da ba ta yi mini daɗi ba.

Hajiya, Malam sakatare, Baba, da ku masu yanka tikiti a kasuwa, Allah ya saka da alheri, ya albarkaci zuri'arku. Ga waɗanda suka gaje mu kuma ina da roƙo ɗaya. Akwai sauran bashin albashi da ma'aikatan nan ke bin ƙaramar hukuma, mun rubuta shi suna bayan suna a takardun miƙa aiki. Don Allah a fara biyansa kafin a aza tubalin kowane sabon gini.