Yadda na koma shan gahawa bayan an haskaka mini haƙora

Na yi sama da shekara 10 ina buɗe yini da kofin gahawa baƙa, sannan in ƙara na biyu bayan la'asar idan aiki ya yi yawa, har ta kai haƙorana na gaba sun yi ruwan ɗorawa wanda buroshi da asuwaki suka kasa gusarwa. Wannan ne ya kai ni wurin wata likitar haƙori a Kano. Ta fara kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, ta shafa wa dasashina wani abu da ya daskare ya zama kariya, sannan ta shafa maganin da ke ɗauke da sinadarin haidirojin feroksaid har sau uku, kowane shafi yana ɗaukar kusan minti 15.

Kafin in tashi daga kujerar ta ce mini: "Malam, ka ba ni awa 48 babu gahawa, babu shayi, babu zoɓo, babu goro, kuma ka ɗan kauce wa miyar manja." Ta bayyana mini cewa miyau yana yi wa haƙori wani siririn lulluɓi wanda aikin yakan wanke, kuma maganin yana busar da haƙorin na ɗan lokaci, saboda haka a wannan tsakanin abu mai rini yana samun wurin kamawa cikin sauƙi.

Na riƙe maganar yini guda. Washegari da hantsi ciwon kai ya sauko mini ta bayan ido, irin wanda duk wanda jikinsa ya saba da gahawa yake sani idan ya tsallake ta, domin yakan fara ne tsakanin awa 12 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe. Sai na haɗa rabin kofi mai zafi na kurɓa. Ban kai ga tunanin launi ba, wani irin tsami mai kama da sukar allura ya ratsa haƙorana na ƙasa har zuwa muƙamuƙi, na ajiye kofin a kan tebur na dafe baki da tafin hannu. Abin da ban fahimta ba shi ne, maganin yana ratsa ɓawon haƙori ya kusanci jijiya, don haka zafi da sanyi duk suna isa ciki a kwanakin farko.

A rana ta huɗu na duba madubi na ga farin ya ragu, raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauka kurɓar nan ce ta lalata kuɗina. Da na koma, likitar ta ɗauko jerin haƙoran roba masu launi daban-daban ta kara a jikin nawa, ta nuna mini cewa na haura matakai da dama daga inda na fara. Farin da na gani a ranar farko, in ji ta, wani ɓangarensa na bushewa ne, kuma dole ya ɗan sauka idan haƙori ya sake shan ruwa, ko an sha gahawa ko ba a sha ba. Da an faɗa mini wannan tun farko, da ban kwana uku cikin damuwa ba, kuma ina ganin haƙƙin mara lafiya ne a sanar da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba ta ce in rabu da gahawa ba. Ta ce matsalata ita ce riƙe kofi ɗaya na tsawon awa biyu ina kurɓa kaɗan-kaɗan, ta yadda haƙora suke jiƙe da rinin duk tsawon wannan lokacin. Yanzu nakan sha a zama ɗaya tare da ɗan madara, in kuskure baki da ruwa nan take, amma ba na sa buroshi sai bayan minti 30, domin gahawa tana da ɗan tsami da ke tausasa ɓawon haƙori. Na sauya makilin zuwa na masu tsamin haƙori, na kuma bar kofin la'asar gaba ɗaya. Wata bakwai ke nan, kuma a zuwana na baya da ta sake karawa, mataki ɗaya kawai launin ya sauka.