Ranar da na kwashe kashin panda

Ni ɗan mahauta ne. Tun ban iya karatu ba na iya wanke kayan ciki. Shi ya sa lokacin da nake karatu a birnin Chengdu na ƙasar Sin, da abokai suka ce mu je Dujiangyan mu yi aikin sa kai na yini guda a sansanin kula da panda, dabbar nan mai fari da baƙi da ke cin gora, na tafi ina ganin na riga na san dabbar. Mai cin ganye daga safe har dare ai 'yar'uwar saniya ce, sai dai bambancin riga.

Da sassafe aka raba mana riguna da safar hannu, aka miƙo mini shebur da tsintsiya. An haɗa ni da wani dattijo marar yawan magana, muna kiransa Shifu, kamar yadda ake kiran gwanin kowace sana'a a ƙasar Sin. Ya kulle pandar a ɗakin ciki, sannan ya buɗe mini filinta. Duk inda na duba kashi ne.

Hannun mahauci ba ya ƙyama, sai na tsuguna na ɗauki curi ɗaya. Siffarsa kamar dankalin Hausa, kore-kore, ba wari sai ƙamshin ɗanyar ciyawa. Da na fasa, sai ga guntayen gora a jere, kowanne bai fi gaɓar yatsa ba, kamar an yayyanka da wuƙa an dunƙule. Duk wanda ya taɓa taka kashin shanu ya san a niƙe yake fita, saboda saniya tana da tumbi mai ɗaki huɗu, tana tuƙa, hanjinta kuma ya kai kusan ninki 20 na tsawon jikinta. Wannan kuwa kusan yadda ya shiga haka ya fito.

Na ce, "Shifu, ba ta da lafiya ne?"

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Cikin mai cin nama gare ta."

Wannan maganar ce ta hana ni sakat har na koma makaranta na bi diddiginta. Ashe panda beyar ce, dangin masu farauta, reshenta ya rabu da sauran kusan shekara miliyan 20 da suka wuce. Tumbinta ɗaya ne, hanjinta gajere, kuma abin da take narkarwa daga gorar da ta ci bai wuce kashi 17 cikin 100 ba. Sai ta rama da yawan ci: kilo 12 zuwa 38 a rana, ta shafe sa'a 10 zuwa 16 tana tauna, ta yi kashi wajen sau 40. Ni kam bayana ya shaida. Waɗannan guntayen ma ba banza ba ne, don masu ƙidayar panda a daji suna auna tsawonsu su bambance wannan dabba da waccan, tunda kowacce da girman gatsarta.

Bayan shara sai muka jawo sabuwar gora, muna maka ta da ƙasa har ta tsage. Na zaɓo wata kakkaura ina taƙama, pandar ta shinshina ta ture ta gefe, ta ɗauki wata siririya. Ta zauna daɓas kamar tsohuwa za ta tsinke zogale, ta riƙe karan, ta zuge ganyen ta tara a gefen baki, ta dunƙule ta cinye. Da ta zo kan karan, sai ta ɓare bayansa da haƙori, ta tura shi can wajen turame. Ƙarar fashewarsa har cikin haƙorana na ji ta.

A nan na ga yatsan da ake ta labari, wai panda tana da babban yatsa na shida. Lokacin da aka ba ni karas in miƙa mata ta tsakanin ƙarafa, na shagala da kallon hannunta har Shifu ya fizgo gwiwar hannuna baya, yana nuna mini fiƙarta. Laifina ne. Amma na ga abin da na je gani: yatsu biyar a jere masu farce, sannan wani tudu a tafin hannu wanda take danne abinci da shi. Ba yatsa ba ne, wani ƙashin wuyan hannu ne ya yi girma. A Shuitangba da ke lardin Yunnan an tono irin ƙashin nan na wata kakar panda mai suna Ailurarctos, mai shekara miliyan 6 zuwa 7, har ma ya fi na yanzu tsawo. Masanan da suka yi bayaninsa a 2022 suna ganin bai zama cikakken yatsa ba ne saboda da hannun take takawa, dogon ƙashi zai hana ta tafiya. Ga ci ga tafiya, sai aka raba gardama.

Harshenta ma ya juya wa nama baya. Bayan an karanta ƙwayoyin gadonta a 2009, an gano cewa wata ƙwayar gado mai suna Tas1r1, wadda ke sa a ji garɗin nama, ta daina aiki, kuma an ƙiyasta hakan ya faru kimanin shekara miliyan 4 baya. Wato ɗanɗanon da ke sa mu lashe yatsa bayan romo, ita ba ta san shi ba. Duk da haka jikinta bai bar tsohon hali ba. A tsaunukan Qinling an lura pandoji suna bin tohon gora daga ƙasa zuwa saman dutse yadda yake fitowa, kuma kusan rabin ƙarfin da suke samu daga furotin yake zuwa, kamar na kyarkeci.

Da azahar ta haye katako ta miƙe ƙafa, ko kunne ba ta motsa ba. Wani abokina ya ce bai taɓa ganin raggon dabba irinta ba. Da safe da na yarda da shi. Yanzu kam ina ganin tsimi ne, irin na mai ƙaramin albashi. Wani bincike na 2015 ya nuna ƙarfin da take ƙonawa a rana kashi 38 cikin 100 ne kacal na abin da dabba mai girmanta kan ƙona. Hantarta da ƙodarta da ƙwaƙwalwarta ƙanana ne, kuma sinadarin halittar nan ta wuya, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, kaɗan ne a jininta. Ko jaririnta giram 100 ne ko ɗan sama da haka.

Abin da gora ta ba ta shi ne tana nan rani da damina, ba ta gudu, kuma masu rububinta kaɗan ne. Hatsarin yana zuwa idan ta yi fure, don gorar yanki guda kan yi fure tare ta mutu tare, kamar yadda ya faru a gandun panda na Wolong a 1983. A dā sai pandoji su sauka kwari su nemi wani irin. Yau gonaki da tituna ne a kwarin.

Kafin mu tashi Shifu ya sa na ɗora kashin da na tara a kan sikeli ya rubuta a littafi, don da shi suke gane ko ta ci sosai. Ina ajiye shebur na waiwaya, sai na ga ta farka ta jawo wani karan, ga kuma sababbin curi uku a daidai inda na share.